Furojet ɗin akitekca da ya san ƙasarsa: daga bakin Matan Fada har gaban juri

Duk shekara in lokacin furojet ya zo, taken da ɗaliban akitekca 'yan ajin ƙarshe suka fi ɗauka a wajenmu shi ne cibiyar al'adu, ko zauren taron al'umma, ko wurin shaƙatawa na bakin ruwa. Taken ba laifi. Amma ka je ranar juri, ranar da ɗalibi ke kare zanensa gaban malamai masu ba da maki, ka gani, gini ne na gilashi daga sama har ƙasa wanda aka kwaso daga shafin hotuna na Pinterest, an manna masa dagin arewa a goshi, an dasa masa zankwaye huɗu a kusurwa, shi ke nan wai an saka al'ada. Ka tambayi yaro ina mata za su zauna, ta ina ruwa zai fita in an yi ruwan Agusta, sai ya fara sosa ƙeya. Ni dai a ganina al'ada ba ado ba ce, tana cikin inda mutane ke zama da inda suke bi da wanda suke yarda ya gan su, kuma wannan a ƙasa ake samo shi ba a laftof ba. To ga yadda za ka bi, zan riƙa misali da Argungu don a can abin ya fi fitowa fili, amma ɗan Yawuri ko Zuru ko Talatar Mafara duk zai iya juya shi zuwa garinsu.

Matakin farko, nemo matsala kafin ka nemo gini. Kada ka ce "ina son in zana cibiyar al'adu", ka ce me ke damun mutanen wannan wuri da gini zai iya ragewa. Ɗauki Argungu. Kowa ya san bikin kamun kifi na gulbin Matan Fada, tun 1934 aka fara shi a yadda muka san shi yanzu, kuma UNESCO ta saka shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Ɗalibi na jin haka sai ya ce yauwa, babban dandalin kallo mai cin mutum dubu goma. Tsaya tukuna. Bikin nan kwanaki kaɗan ne, kuma ba kowace shekara ake yi ba, an yi kusan shekara goma ba a yi ba kafin a dawo da shi a 2020. Ginin da ya dogara da biki kaɗai zai zama makwancin awaki da jemage sauran shekara. Amma masunta suna nan kullum, mata masu bandar kifi suna nan, masu turara shinkafa da shanya suna nan, yara masu zuwa wanka bakin gulbi suna nan. Taken da ya fi ƙarfi shi ne wanda zai yi wa waɗannan aiki ran Talata da ran Laraba, in biki ya zo kuma ya buɗe ya karɓi baƙi. Rubuta matsalar a layi biyu kacal ka kai wa sufabaiza, in ba ta shiga layi biyu ba to kai ma ba ka gane ta ba tukuna.

Sannan ka zaɓi wurin da ƙafarka za ta iya zuwa. Musamman 'yan Zamfara, kada son take mai daɗi ya sa ka ɗauki ƙauyen da hanyarsa ba ta biyuwa saboda halin tsaro, ka ƙare da zana wuri daga Google Earth. Gefen Gusau ko Ƙaura inda mutane suka yi gudun hijira suka zauna shi ma al'umma ne, kuma buƙatarsu ta fi ta kowa fitowa fili.

Na biyu, gaisuwa. Karɓi takarda daga sashenku mai hatimi, amma ka san takarda ba ta buɗe ƙofa ita kaɗai. Fara da mai unguwa, shi zai haɗa ka da hakimi ko uban ƙasa in da buƙata, in kuma aikin ya shafi ruwa to sai ka gaida Sarkin Ruwa da manyan masunta. Ka cire takalmi, ka durƙusa, "Ranka ya daɗe, ɗalibi ne ni, aikin makaranta ya kawo ni." Ka maimaita wannan kalmar ta makaranta da kyau, don da zarar an ga mutum da tef da takarda yana auna fili za a ɗauka gwamnati ce ta turo, wasu su fara murnar za a yi masu gini wasu su fara tsoron za a ƙwace gona. Wani dattijo zai ce maka "yaro wanga awon na mi ne?" ka ba shi amsa a fili: Baba zane ne kawai na jarrabawa, ba kwangila ba ce. Kada ka yi alkawarin komai. Hoto kuma sai da izini, na mata balle.

Na uku, zaman sait, wato filin da za ka zana wa ginin, kuma nan ne rabin makin yake ko da ba a rubuta a takardar maki ba. Ba zuwa ɗaya ba ne da tsakar rana ka ɗauki hoto ka hau mashin ka gudu. Je bayan asuba lokacin da jirage ke fitowa, je da azahar lokacin da rana ta take, je da la'asar sakaliya, je ran kasuwa da ranar da ba kasuwa. Buga hoton wurin daga Google Earth a takardar A3 kofi da yawa, kowane zuwa da kofinsa, ka riƙa ɗiga alama da biro: nan mutum biyar ke zaune, nan aka ɗaure jaki, nan 'yan acaɓa ke tsayawa, nan ake zubar da ƙaya da hanjin kifi. Bayan 'yan zuwa za ka ga ɗigon nan sun taru a wurare biyu ko uku, kuma kusan kullum gindin itace ne. Wannan shi ne filan ɗinka na farko, mutane sun riga sun zana maka.

Ka bi 'yan hanyoyin ƙafa da suka ratsa filin ka zana su duka, har burtalin shanu in akwai, don ginin da ya toshe hanyar da dabbobi ke bi zuwa mashaya faɗa ya gina. Ka ƙirga itatuwa ɗaya bayan ɗaya da sunansu da faɗin inuwarsu, tsamiya ce, giginya ce, darbejiya ce. In ba ka da na'urar safiyo, tiyo mai haske na magina da ruwa a ciki ya isa ka gane gangaren fili, ku biyu da tef da turaku a kowace mita 10.

Abu mafi muhimmanci a bakin gulbi shi ne alamar ambaliya. Fadamar Argungu ruwan Rima da na gulbin Sakkwato ne ke ciyar da ita, a sama akwai dam ɗin Goronyo da na Bakolori, in damina ta yi ƙarfi aka saki ruwa to ƙasa ce ke karɓa, kowa a Kebbi yana tuna abin da ambaliyar 2020 ta yi wa gonakin shinkafa. Duba jikin tsofaffin katangu, za ka ga wani layi inda launin ƙasa ya canza, ƙasansa ya yi duhu ya zaizaye samansa lafiya lau. Duba gindin itace, wani lokaci har busasshiyar ciyawa za ka gani maƙale a reshe sama da kanka. Sannan ka nemi dattijo ya nuna maka da sandarsa inda ruwa ya taɓa kaiwa a iya saninsa. Auna tsayin wurin, ka ja layin da ja a kan zanenka. Duk daɓen ginin da za a kwana ko a ajiye kaya a ciki ya hau saman wannan layi, ni nakan ce a ƙara kamar santimita 50 a kai. Abin da ke ƙasan layin a bar wa rumfuna da matakala da filin da ruwa zai shiga ya fita ba asara.

Na huɗu, hira. Fom mai tambaya arba'in da "na yarda ƙwarai, ban yarda ba" wahala ce kawai, mutane za su cika maka don kunya. Kada ka tambayi mutum wane irin gini yake so, zai ce bene mai tayil. Tambaye shi jiya me ya yi tun daga safe, ina ya ajiye homarsa da gorarsa, ina yake sallah in yana bakin ruwa, ina yake kewayawa. Mai banda ka tambaye ta itace nawa take ƙonawa, hayaƙi ina yake bi, in hadari ya taso kifin da ke kan waya ina take kai shi, jaririnta ina yake kwanciya lokacin da take aiki. In kai namiji ne ba za ka shiga cikin gida ba, to nemi abokiyar karatu ko ƙanwarka ta shiga, ita za ta ce "Inna sannu da aiki" ta zauna kan tabarma ta ji abin da kai ba za a taɓa faɗa maka a zaure ba. 'Yan mata masu wannan kwas kuna da babbar dama a nan, ku yi amfani da ita. Furojet da yawa na al'umma da maza kaɗai aka yi hira, shi ya sa ake ƙarewa da zauren taro ƙato da banɗaki ɗaya.

Na biyar, rana da iska da ruwa. Kowa na manna hoton zagayen rana a allonsa amma kaɗan ne ke aiki da shi. Birnin Kebbi da Argungu suna wajen digiri 12 da rabi arewa da tsakiyar duniya, ma'ana daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen tsakiyar Agusta rana da tsaka tana ɗan karkata ta arewa ne, sauran shekara ta kudu. Saboda haka bangon arewa ma yana son baki na rufi, ba kamar yadda littattafan Turai ke nunawa ba. A Disamba tsayin rana da tsaka wajen digiri 54 ne ta kudu, bakin rufi mai mita 1 zai ba ka inuwa kusan mita 1.4 a jikin bango, lissafa tagoginka da wannan. Gabas da yamma su ne masifa don rana na shigowa a kwance, ba bakin rufin da zai tare ta, don haka ka miƙar da ginin dogonsa daga gabas zuwa yamma, gajerun bangaye su fuskanci can, ka jera sito da banɗaki da matakala a yamma su sha zafin la'asar. A Afrilu zafi na haura digiri 40, wanda ya sa gilashi a bangon yamma ya gina tanda.

Iska iri biyu ce. Ta hunturu daga arewa maso gabas da ƙura, ta damina mai sanyi daga kudu maso yamma, ita ake buɗe wa ƙofa. Hadari kuma da guguwarsa yawanci daga gabas yake tasowa, shi ya sa in ka duba tsofaffin gidajen ƙasa bangon gabas ne ya fi cin duka, shi aka fi yi wa yaɓe. Murhun banda ka kai shi inda iskar ba za ta kwaso hayaƙi ta watsa cikin wurin zama ba a duka lokutan biyu. Alƙibla kuma daga yankin nan wajen digiri 70 ce daga arewa, wato gabas ta ɗan karkata arewa, ka saka ta a zane tun farko, masallaci ya daidaita, banɗaki kuma kada mai zama ya fuskance ta ko ya ba ta baya. Na sha ganin an gama zane tsaf sannan a tuna da masallaci a cusa shi a karkace a lungu.

Na shida, gine-ginen da za ka yi nazari. Uku sun isa in ka yi masu da gaske. Ɗaya na gida wanda za ka shiga da tef: gidan tarihi na Kanta a Argungu, tsohuwar fada ce tun 1831, auna kaurin bango, tsaya a ciki da azahar ka ji bambancin zafi da waje. Ganuwar duwatsu ta Surame, tsohon birnin Kanta, sarkin da ya kafa daular Kabi, na ƙarni na 16, tana nuna cewa Kabawa sun yi gini da dutse ba ƙasa kaɗai ba. Masallacin Juma'a na Zariya na Babban Gwani Muhammadu Durugu shi ne makarantar bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin ƙasa da ke ɗauke rufi. Na waje kuwa ba sai ka tafi Dubai ba, tsallaka Nijar: a Dandaji cikin jihar Tawa, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallaci laburare suka gina sabo da bulon ƙasa matsattse, an gama a 2018, garin Hausawa ne, yanayinsu irin namu. Sai makarantar firamare ta Gando a Burkina Faso ta Francis Kéré, 2001, inda ya ɗaga rufin kwano sama da silin na ƙasa iska na ratsa tsakani, mutumin da ya ci kyautar Pritzker, babbar kyautar akitekca ta duniya, a 2022. Kowanne ka sake zana yankansa, wato yadda cikinsa zai fito in an tsaga ginin daga sama zuwa ƙasa, da hannunka, ka rubuta abu ɗaya da ka ɗauka da abu ɗaya da ka ƙi.

Na bakwai, tsara wurare. Jera ayyuka tukuna ba ɗakuna ba: sauke kifi, wankewa, banda, sayarwa, gyaran koma, sallah, cin abinci, reno, taro. Kowanne ka rubuta mutum nawa, wane lokaci, yana son bango ko inuwa kawai. Za ka sha mamaki, fiye da rabi rumfa suke so. Sannan ka duba gidan Bahaushe yadda yake tafiya, dakali a waje na kowa, zaure na baƙo, ƙofar gida, shigifa, sannan cikin gida, kuma ƙofofin ba sa kallon juna don kada ido ya zarce. Wannan jerin daga na kowa zuwa na keɓe shi za ka ɗauka. Sashen mata ya samu tsakar gidansa da ƙofarsa ta daban da famfonsa, su ga waje ba a gan su ba. Zauren taro ya buɗe zuwa fili ta yadda ran biki ko ɗaurin aure mutum ɗari biyu za su zama dubu ba a fasa bango ba. Yi wannan da fensir da takarda mai shara-shara, zaɓi uku mabambanta, kada ka taɓa manhajar zane ta Revit sai ɗaya ya tsaya, don kwamfuta na sa zanen banza ya yi kama da gamamme.

Na takwas, kayan gini. Nemi Sarkin Magina ko wani tsohon magini ka yini da shi. Zai nuna maka tubali yadda ake mulmula shi, da azara ta giginya wadda gara ba ta cika ci ba amma tsallakenta bai cika wuce mita 2 ba, dalilin da ya sa aka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga ke nan don a samu ɗaki mai faɗi. Zai gaya maka makuba, abin da ake shafe bango da shi don ruwa, daga ɓawon ɗorawa ake yinta, da yadda indararo ke jefa ruwa nesa da bango. Amma ka yi gaskiya, giginya ta yi ƙaranci, magina masu wannan ilimi sun ragu, kuma mutane sun gaji da yaɓe duk shekara, in ka ce masu ginin ƙasa wasu za su ji kamar ka raina su. Tsaka-tsaki shi ne tushe na dutse ko kankare har saman layin ambaliya, bango na bulon ƙasa matsattse da siminti kamar kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, rufin kwano mai faɗin baki a ɗage sama da silin.

Gwada ƙasar wurin da kanka. Haƙa ka wuce ƙasar noma ta sama, cika sulusin kwalba da ita, ƙara ruwa da ɗan gishiri, girgiza sosai ka ajiye kwana ɗaya. Yashi zai kwanta a ƙasa, lallausar turɓaya a tsakiya, laka a sama, ka auna kowanne da rula. Sannan ka kwaɓa wata ka murza ta kamar kaurin babban yatsa ka riƙa turo ta daga bakin tebur, in ta karye kafin santimita 5 yashi ya yi yawa, in ta wuce 15 ba ta karye ba laka ta yi yawa za ta tsage. Baƙar lakar fadama yawanci ta biyun ce, sai an nemo jar ƙasa daga tudu. Kwalbar nan ka kai ta gaban juri ka ajiye kan tebur.

Na tara, filin waje, wanda ɗalibai ke barin sa sai daren ƙarshe su watsa koren launi da itatuwan kwakwa. Ciyawar lambu irin ta filin ƙwallo wa zai ba ta ruwa a Maris? Fara da itatuwan da ka tarar, kada ka sare ko ɗaya sai dole, gini ya kauce masu. Darbejiya na saurin girma, tsamiya da maɗaci suna jinkiri amma inuwarsu ta jikoki ce, gawo kuma a damina yake zubar da ganye ya yi kore da rani, daidai lokacin da ake neman inuwa. Bakin gaɓa a dasa jema ta riƙe ƙasa maimakon a zuba kankare ko'ina. Kowane dashe ka zana masa kariya don awaki ba su san furojet ba. Ruwan rufi kuma lissafinsa mai sauƙi ne, milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce, in ka ɗauki ruwan shekara milimita 700 rufi mai murabba'in mita 200 zai tara lita 140,000, cire kashi 20 na asara ya rage 112,000. Nuna inda tanki yake da inda rarar za ta bi har gulbi, kuma ruwan wankin kifi kada ya koma kai tsaye inda yara ke wanka.

Na goma, zane da modal. Filin gaba ɗaya a sikelin 1:500 tare da maƙwabta da gulbi, filan a 1:100, yanka a 1:50, haɗin bango da rufi a 1:20. Yanka ɗaya dogo daga titi har cikin ruwa, da layin rani da layin damina, ya fi hoton kwamfuta na manhajar Lumion goma. Mutanen da za ka saka a hotuna su zama masu babbar riga da hijabi da kwando a ka. Gangaren keken guragu kada ya wuce 1:12, wato hawan mita 1 a cikin tsawon mita 12. Ka yi ɗan ƙiyasin kuɗi da farashin kasuwa na ranar, ka kasa aikin kashi-kashi, rumfa da rijiya da banɗaki tukuna, sauran in kuɗi sun samu. Modal da kwali da ƙasar wurin da tsinken tsintsiya ya wadatar.

Kafin juri da kamar mako biyu, ɗauki modal ɗin ka koma wurin mai unguwa, a ajiye shi kan tabarma, a kai shi cikin gida mata su gani. Mutane ba sa karanta filan amma modal kowa na ganewa, nan take wata za ta sa yatsa ta ce nan hayaƙi zai dame mu, wani ya ce jirgi ba ya tsayawa ta nan sai can. Gyara abin da zai gyaru, wanda bai gyaru ba ka rubuta dalili.

Ran juri kada ka fara da ma'anar al'ada daga ƙamus. Fara da taswirar ɗigon nan da layin ja, minti biyu, sannan ginin. Tambayoyin da za su zo sanannu ne: wa zai kula da wurin bayan an gina, filin na waye, me zai faru in ruwa ya wuce layinka, me ya sa ba bulon siminti ba. Shirya amsar kowacce da zane ɗaya da za ka nuna da yatsa. Bugun manyan takardu kuma ka kai kwana uku kafin ranar, don daren ƙarshe layi ne a shagon, ga wuta ba tabbas, kuma launin da ka gani a allo ba shi ke fitowa a takarda ba, sai ka buga gwaji ɗaya a A3 tukuna.